Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar NCC: A Sa Facin Tsaro Cikin Sharuɗɗan Shigo Da Waya

Zuwa ga Dakta Aminu Maida,
Shugaban Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC,
Maitama, Abuja.



Ranka ya daɗe, da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da basirar sauke nauyin da aka ɗora maka tun watan Oktoban 2023, ina rubuto maka ne a kan wani lamari da ba a cika jin sa a rediyo ko a zauren majalisa ba, alhali yana cikin aljihun miliyoyin 'yan ƙasar nan. Buƙatata ɗaya ce, kuma zan faɗe ta tun daga farko: kada hukumarka ta ƙara sa wa wata sabuwar waya hannu ta shiga kasuwar Najeriya sai kamfanin da ya ƙera ta ya faɗa a rubuce shekara nawa zai yi yana aiko mata da facin tsaro, wato gyaran manhaja da ke toshe kafar kutse, sannan a riƙe shi a kan abin da ya faɗa.

Na zaɓi in rubuta a fili, kuma da Hausa, domin waɗanda abin ya fi shafa su san abin da ake roƙa a madadinsu: mai shayin da ke karɓar kuɗi ta tiransifa, da uwargidan da ke sayar da atamfa ta WhatsApp, da dattijon da fanshonsa ke shigowa ta waya. Kai injiniya ne, kuma ka yi aiki a NIBSS inda ake haɗa hada-hadar bankunan ƙasar nan, don haka ba sai an yi maka darasi ba. Amma ka yi mini uzuri in yi wa sauran masu karatu ɗan bayani.

Kowace waya mai Android tana tafiya ne a kan wata ƙwayar manhaja da ake kira kanel. Kanel ɗin Android shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Kanel ne ke raba wa manhajoji wurin aiki, shi ke tsaye tsakaninsu da kyamara da makirufo da ma'ajiyar bayanai, shi ke hana wannan manhaja leƙa abin da ke hannun waccan. Waya kamar gidan haya ce mai ɗakuna da yawa: manhajar banki da ɗakinta, ta wasa da ɗakinta, kanel kuma shi ne mai riƙe da makullan gidan duka. Ɓarawon da ya fasa ɗaki ɗaya, ɗaki ɗaya ya samu. Wanda ya ƙwace makullai daga hannun mai riƙonsu, gidan ya samu gaba ɗaya, kuma babu ɗan hayar da zai ji ƙarar fasa ƙofa.

Linux rubutun 'yan Adam ne, layinsa ya haura miliyan 30, saboda haka ba ya rabuwa da kurakurai. Wasu daga cikin kurakuran nan kafofi ne da mai kutse zai bi ya karɓe cikakken iko da na'ura. Wannan ba abin kunya ba ne ga kowa, haka kowace babbar manhaja take. Abin dubawa shi ne yadda ake toshe kafar idan an gano ta, kuma a nan masu kula da Linux suna ƙoƙari matuƙa. Sabon zubi yana fitowa duk bayan mako tara zuwa goma. A tsakani, Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin suna fitar da gyare-gyare ga tsofaffin zubi kusan kowane mako. Tun watan Fabrairun 2024 masu kanel ɗin suka karɓi ikon bai wa kafofinsu lambar rajista da kansu, kuma kafin shekarar ta ƙare sun yi wa dubbai rajista. Ita ma Google, tun watan Agustan 2015, bayan wata ɓarakar tsaro mai suna Stagefright da ta tayar da hankalin duniya, take fitar da sanarwar tsaron Android wata-wata, tana kuma sanar da kamfanonin waya aƙalla wata ɗaya kafin ta bayyana wa jama'a. Facin yana nan, an rubuta shi, kuma kyauta ne.

Matsalar tana kan hanya. Kafin faci ya iso wayar da ke hannun mutumin Funtuwa ko Azare, sai ya bi hannu huɗu ko biyar. Daga masu kula da Linux ya je wa Google, ta sa shi cikin nata kanel ɗin na Android. Daga nan ya je wa masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su MediaTek da Qualcomm da Unisoc, waɗanda kowannensu ya yi wa kanel ɗin ƙare-ƙarensa. Daga nan ya je wa kamfanin da sunansa ke bayan wayar, ya gwada shi a kan kowane samfuri, ya tura. Can ƙarshe kuma sai mai wayar yana da data da caji da sarari kafin ya sauke. Duk hannun da ya saki a cikin waɗannan, facin ya tsaya a nan. Kuma a san cewa sabunta manhajoji ta Play Store ba ya taɓa kanel. Wannan sai kamfanin wayar ya turo da kansa. Idan ya daina turowa, babu abin da mai waya zai danna ya kare kansa.

Ranka ya daɗe, wannan ba hasashe ba ne. Ga abin da ya riga ya faru.

A watan Oktoban 2016 aka bayyana wata kafa da aka laƙaba wa suna Dirty COW. Ta shekara tara a cikin Linux, tun 2007. Wanda ya gano ta, Phil Oester, ya tsinto ta ne cikin bayanan wani hari da aka kai wa kwamfutarsa, ma'ana masu kutse sun riga kowa saninta. Masu kanel suka toshe ta cikin kwanaki. Amma kusan shekara guda bayan haka, a watan Satumban 2017, kamfanin tsaro na Trend Micro ya ba da rahoton wata muguwar manhaja mai suna ZNIU da aka cusa cikin manhajojin Android fiye da 1,200, tana bin wannan kafar tana shiga wayoyi a ƙasashe sama da 40, mafi yawa a Sin da Indiya. Kafar da aka toshe tun bara ita ake bi a bana, domin facin bai isa wayoyin ba.

Misali na biyu ya fi wannan ban takaici. A watan Nuwamban 2017 wata na'urar gwaji ta gano kuskure a ɓangaren kanel da ake kira Binder, wanda manhajojin Android ke bi su yi magana da juna. Kafin ƙarshen Fabrairun 2018 an gyara shi a Linux. Sai dai ba a ba shi lambar rajista ba, bai shiga sanarwar wata-wata ta Android ba, don haka kamfanonin waya ba su ɗauko gyaran ba. Sai a watan Oktoban 2019 Maddie Stone ta sashen bincike na Google mai suna Project Zero ta bayyana cewa ana amfani da kafar wajen kutse, kuma tana nan buɗe a wayoyi irin su Pixel 2 da Samsung S9 da Huawei P20 da wasu na Xiaomi. Google ta danganta makamin da kamfanin leƙen asiri na NSO na Isra'ila, kamfanin kuma ya musanta. Ko ma wane ne, darasin ɗaya ne: masu kutse suna karanta gyare-gyaren da ake yi wa Linux, suna neman wanda bai isa wayoyi ba. Fitar da faci tamkar sanar da inda raunin yake ne, kuma wanda facin bai iso wa ba, sanarwar ta ƙara jefa shi cikin haɗari.

Na uku shi ne ya fi kusa da mu, domin ya shafi ƙwaƙwalwar MediaTek, wadda ke cikin wayoyi masu araha da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu. A farkon 2019 wani mai sha'awar manhaja ya wallafa wata hanya, da aka fi sani da MediaTek-su, da ke ba kowace manhaja cikakken iko da na'ura ta wani rauni a ƙare-ƙaren da MediaTek ya yi wa kanel. Kamfanin ya samar da faci a watan Mayun 2019, amma kamfanonin waya da yawa ba su tura shi ba. A watan Janairun 2020 aka kama manhajojin leƙen asiri a cikin Play Store kanta suna amfani da wannan kafa da waccan ta Binder. Sai a watan Maris na 2020 facin ya shiga sanarwar Android, wata goma bayan samuwarsa.

Kada a ɗauka ƙananan kamfanoni ne kaɗai ke da wannan hali. A tsakiyar 2022 Project Zero ta kai wa kamfanin Arm rahoton kafofi biyar a manhajar da ke tuƙa na'urar hoto mai suna Mali. Arm ya gyara su a watannin Yuli da Agusta. Da masu binciken suka duba a watan Nuwamba, babu ko ɗaya cikin wayoyin gwajinsu, na Google da Samsung da Xiaomi da Oppo, da facin ya isa. Haka nan a watan Fabrairun 2025 ƙungiyar Amnesty International ta nuna yadda aka buɗe wayar Samsung Galaxy A32 ta wani ɗalibi mai fafutuka a ƙasar Sabiya da kayan aikin kamfanin Cellebrite, ta kafofin da ke ɓangaren USB na kanel ɗin Linux. Google ta toshe su a sanarwoyinta na farkon 2025. Wayar da aka daina turo wa faci tun 2022 kuwa, gyaran nan ba zai taɓa isa gare ta ba.

Domin adalci, ba kowace kafa ce ake shiga ta daga nesa ba. Mafi yawansu sai an fara samun muguwar manhaja a cikin wayar, sannan ta bi kafar ta haura sama, kuma Android na da wasu shingayen da ke rage ɓarna. Amma ka dubi yadda jama'armu ke samun manhaja. Ana tura wa juna ta Xender don tsimin data. Ana sa WhatsApp na jabu saboda ƙarin kwalliya. Ana kai waya shago a ce a loda mata abubuwa, ba a tambayar daga ina suka fito. Ana sauke manhajojin ba da bashi da ba a san masu su ba. Matakin farko da mai kutse ke wahalar samu a wasu ƙasashe, a nan cikin sauƙi yake samunsa. Kanel ne shingen ƙarshe, kuma shi ne muka bari babu gyara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ke bayan bangon kuma ya ƙaru ƙwarai. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, miliyoyin mutanen da ba su taɓa amincewa da banki ba suka koma tiransifa. Hukumarka ta ɗaure kowane layi da lambar NIN, bankuna sun ɗaure kowane asusu da BVN, lambar sirrin da ke tabbatar da cire kuɗi kuma ta waya take zuwa. Gwamnati da bankuna ne suka tura jama'a suka zuba dukiyarsu da shaidarsu cikin wannan na'ura. Wanda ya ce wa mutane su ajiye kayansu a wuri, akwai haƙƙi a kansa ya tabbatar wurin yana kulluwa.

Akwai wani sauyi kuma da ya ƙara matse lokaci. A watan Satumban 2023 aka sanar cewa zubin Linux masu dogon zango, waɗanda a da ake kula da su shekara shida, za a koma ba su shekara biyu, saboda aikin ya yi wa masu kula da su yawa. Google ta ce za ta riƙe nata na Android shekara huɗu daga zubi na 6.6. Zubi na 4.14 masu Linux sun sallame shi a watan Janairun 2024, na 4.19 kuma a watan Disambar 2024. Wayoyi masu ɗimbin yawa da ke hannun jama'a a kan waɗannan suke tafiya. Duk wanda ya shiga saitin wayarsa, ɓangaren bayanin waya, zai ga lambar kanel ɗinsa da kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Ina roƙonka ka sa ma'aikatanka su zaga Farm Centre a Kano da Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja, su duba waɗannan lambobi biyu a wayoyin da ke kan kanta, sababbi da na hannu. Abin da suka gani ya zama tushen shawararka.

Wasu ƙasashe sun riga sun ɗauki mataki. A Birtaniya, tun ranar 29 ga Afrilun 2024 doka ta wajabta wa duk mai ƙera na'urar da ke hawa intanet, har da waya, ya bayyana mafi ƙarancin lokacin da zai yi yana aiko da facin tsaro, ya kuma ba da adireshin da mai bincike zai kai rahoton rauni. Tarayyar Turai ta yi doka mai lamba 2023/1670 da ta fara aiki ranar 20 ga Yunin 2025, wadda ta kafa ma'aunin shekara biyar na sabunta babbar manhaja kyauta bayan an daina sa samfuri a kasuwa, ta kuma ce facin tsaro ya isa waya cikin wata huɗu da fitowarsa. Kamfanoni sun nuna abin mai yiwuwa ne. Google ta yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024, har ya ba Galaxy A16, wadda ba ta manyan masu kuɗi ba ce, shekara shida. Tsorona shi ne, yayin da waɗancan kasuwanni ke rufe ƙofa ga wayar da ba ta da mai kula da ita, za a karkato da ita zuwa inda ba a tambaya. Kada Najeriya ta zama wurin.

Ikon yana hannunka. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba NCC hurumin tantance kowace na'urar sadarwa kafin a sayar da ita a ƙasar nan. Ana duba ko na'ura za ta dace da hanyoyin sadarwarmu, ana duba ko za ta cutar da lafiyar mai riƙe da ita. Lokaci ya yi da za a duba ko za ta tsare sirrinsa da kuɗinsa. Tun ran gini ran zane. Ga abubuwa shida da nake roƙo domin cika wannan buƙata.

Na farko, duk kamfanin da ke neman amincewar hukuma ya rubuta ranar da zai daina aiko wa samfurin da facin tsaro. A buga ranar a jikin kwali da manyan baƙaƙe, a sa ta a rajistar da kowa zai iya dubawa a shafin hukumar, da Turanci da Hausa da Yarabanci da Ibo. Wannan ba ya cin kuɗin kowa, kuma shi kaɗai zai sauya ciniki, domin mai saye zai fara tambayar shekara nawa suka rage wa waya kamar yadda yake tambayar girman batiri.

Na biyu, a kafa mafi ƙarancin wa'adi. Shawarata a fara da shekara uku daga ranar da aka daina sayar da samfuri, a sanar tun yanzu cewa za a kai shi biyar. A sa iyakar kwana 90 ga manyan kafofi, da kwana 30 ga wadda aka tabbatar ana kai hari da ita. A rubuta sharaɗin da lafazin wajibi, yadda kamfani ba zai kuɓuta ba ta hanyar cewa shi dama bai yi niyyar turo komai ba.

Na uku, kada a amince da sabon samfurin da aka gina a kan kanel ɗin da masu shi suka riga suka sallama, sai kamfanin ya nuna wanda zai ci gaba da gyara shi da sunansa. Lasisin Linux ya riga ya wajabta wa duk mai rarraba shi ya bayar da asalin rubutun kanel ɗin da ya sa a na'urarsa. Hukuma ta nemi wannan rubutu cikin takardun tantancewa.

Na huɗu, a riƙa gwadawa, kada a tsaya ga abin da allo ya nuna. A watan Afrilun 2018 Karsten Nohl da Jakob Lell, masu bincike daga Jamus, sun gabatar da sakamakon duba manhajar wayoyi kusan 1,200, suka tarar wasu kamfanoni suna tsallake faci, wasu ma suna sauya kwanan watan kawai ba tare da sun sa komai ba. Muna da sassan kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da sauransu, cike da matasa masu hazaƙa. A ba su aikin sayo wayoyi daga kasuwa suna gwadawa, a riƙa wallafa sakamakon duk wata shida. Ƙasa ta samu tsaro, ɗalibai su samu ƙwarewar da ake nema a duniya.

Na biyar, a cire kuɗin data a kan sauke facin tsaro. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, mai ƙaramin ƙarfi ya ƙara lissafa kowane megabait. Idan saƙon sabuntawa ya fito ya ga zai cinye datarsa ta mako, zai danna "sai an jima", kuma ba za a ga laifinsa ba. MTN da Airtel da Glo sun san yadda ake keɓe wasu adireshi a bar su kyauta. Wayar da aka yi wa kutse su ma asara ce gare su, domin da layinsu ake tura saƙonnin damfara.

Na shida, sashen hukumarka mai kula da aukuwar kutse, NCC-CSIRT, yana fitar da gargaɗi, kuma abin a yaba ne. Amma gargaɗin da aka rubuta da Turancin injiniyoyi aka sa a intanet ba ya isa kunnen wanda ke Ɗanbatta. A mayar da shi harsunan gida, a kai shi rediyo, a faɗi sunan samfurin da abin ya shafa da abin da mai shi zai yi. A jawo ƙungiyoyin masu gyaran waya da masu sayar da ita a jiki, a horar da su, domin su ne mutum ke fara nufa idan wayarsa ta rikice. Mai sayar da wayar hannu ya saba da gaya wa mai saye cewa wannan an daina kula da ita, ta yi kira da kallo, amma kada ya ɗora mata asusun banki. Kuma sharuɗɗan nan su haɗa da na'urorin raba intanet na gida da na'urorin POS, waɗanda da yawansu Linux ne ko Android a ciki. Wannan sai da haɗin kan Babban Bankin Najeriya.

Na san abin da za a ce maka. Za a ce farashin waya zai tashi, talaka ya rasa ta gaba ɗaya. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Kula da kanel aiki ne na injiniyoyi, kuma injiniya albashi yake ci. Amma aikin ya ragu sosai tun da Google ta fito da tsarin kanel na bai-ɗaya daga Android 12, inda aka raba ainihin kanel da ƙare-ƙaren masu ƙera ƙwaƙwalwa, yadda za a iya sabunta shi ba tare da an sake gina komai ba. Kuɗin da ya rage kuma za a raba shi ne a kan dubban ɗaruruwan wayoyi iri ɗaya. Idan kamfani ya rage yawan samfuran da yake fitarwa a shekara ya kula da waɗanda ya fitar, mai saye ne ya ci riba. Wayar da za ta yi shekara biyar cikin aminci ta fi araha a kan wadda za a canza bayan biyu, balle wadda za ta jawo a kwashe jarin mutum dare ɗaya.

Za a ce kamfanoni za su gudu. Ba na jin mai hankali zai bar kasuwar mutum fiye da miliyan 200 saboda an ce ya rubuta kwanan wata a kwali. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, yana riƙe da kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka, kuma ya kai nan ne ta hanyar sauraron buƙatun mutanen nahiyar, daga waya mai layi biyu zuwa batiri mai daɗewa. Idan hukuma da masu saye suka ce tsaro ma buƙata ce, ina kyautata zaton zai saurara, sauran kuma su bi. Ka kai maganar gaban WATRA, ƙungiyar hukumomin sadarwa na Afirka ta Yamma da ke da mazauni a Abuja, domin wayar da ta sauka Kano tana ƙarasawa Maraɗi da Damagaram, kuma murya ɗaya daga yankin duka ta fi ƙarfi.

Za a ce faci kansa yana iya lalata na'ura. Gaskiya ne. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa mara kyau daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka rikice, saboda manhajar kamfanin tana aiki ne a cikin kanel ɗin Windows. Maganin wannan shi ne gwaji da turawa kashi-kashi da tanadin hanyar komawa baya, kuma hukuma na iya neman kamfani ya nuna yana da su. Illar barin faci kuwa duniya ta gan ta a watan Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150 ta wata kafa da Microsoft ya toshe tun watan Maris, ta sa asibitocin Ingila soke ganin likita kusan 19,000. Wata biyu kacal na jinkiri ne ya jawo wannan. Wayoyinmu da yawa jinkirinsu na shekaru ne.

Za a kuma ce wayoyin fasa-ƙwauri ba sa bi ta hukuma. Haka ne, doka ba za ta kama kowa ba. Amma manyan kamfanonin da ke da ofisoshi da wuraren gyara da allunan talla a biranenmu suna bi, kuma su ne ke da mafi yawan kasuwa. Idan kwalinsu na ɗauke da kwanan wata, rashinsa a kwalin wani zai zama gargaɗi ga mai saye.

Ranka ya daɗe, ba sai ka jira sabuwar doka daga majalisa kafin ka fara ba. Ka rubuta wa duk kamfanin da ke da amincewar hukumarka, ka ba shi wata uku ya kawo jerin samfuransa da ke kasuwa, da lambar kanel ɗin kowanne, da ranar facinsa na ƙarshe, da ranar da zai daina turowa. Ka wallafa amsoshin kamar yadda suka zo, har da sunayen waɗanda suka ƙi amsawa. Sannan ka kira zaman jin ra'ayin jama'a, kamar yadda hukumar ta saba kafin ta gyara ƙa'idojinta, ka gayyaci kamfanoni da bankuna da jami'o'i da 'yan kasuwar waya da hukumar kare masu saye ta FCCPC. Mutanen da na rubuta wannan wasiƙa dominsu ba za su iya gyara kanel ba, ba kuma za su iya tilasta wa kamfanin da ke Shenzhen ko Seoul ya gyara ba. Kai kana iyawa, kuma amanarsu tana wuyanka.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka mashawarta na gari, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani malamin kimiyyar kwamfuta,
daga Kano.